Kurnar Gidan Ubanki

Babura,
Ƙarshen Janairu.

Zuwa ga maiɗakina Ya Kura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Zulaikha da maigidanta da ɗan baƙon da Allah Ya ba mu. Yaya jikin mai jego? Yaya sanyin Manchester da gwiwar nan taki? Mu nan lafiya muke, alhamdu lillahi, sai dai gidan ya yi faɗi da yawa.

Kin san ni, ban iya magana a waya ba. Da na ji muryarki sai in tsaya tambayar abinci da barci har layi ya katse ban faɗi abin da ke raina ba. Shi ya sa na koma wa biro irin ta tsohon hedimasta, in rubuta in ɗauki hoton takardar in turo miki. Ki karanta da kanki ko da a hankali ne. Kada ki ba Auta Zulaikha ta karanta miki.

Saƙon muryar da kika turo ranar Juma'a na saurare shi, na kuma sake saurare. Kin ce maƙwabciyar su Zulaikha, tsohuwar nan Bayahudiya mai suna Rivka, wadda kike kira Rifkatu, ta gayyace ku cin abinci saboda wani biki nasu da ake kira Tu Bishbat, wai sabuwar shekarar itatuwa. Kin ce ta jera dabino da ɓaure da rumman da zaitun da inabi a kan tebur, ta ce 'ya'yan itatuwan ƙasar kakanninsu ne, a wannan rana sukan ci su don tunawa da can, wanda ya samu hali kuma ya dasa bishiya. Duk na ji. Har dariya na yi, na ce ka ji mutane, suna yi wa bishiya sabuwar shekara alhali ƙanƙara ta rufe ƙofar gida.

Inda dariyata ta tsaya shi ne wurin da kika ce ta nemi kowa ya faɗi bishiyar da yake tunawa idan aka ce gida. Zulaikha ta ce darbejiyar ƙofar gidanmu, Allah Ya yi mata albarka. Ke kuwa kika ce kurnar gidan ubanki a Fannari, can bayan Monguno. Kika ba ta labarin kakarki da ta raini bishiyar tun tana tsiro, da cibiyarki da aka binne a gindinta, da yadda mahaifiyarki ke shanya 'ya'yanta a kan tabarma kuna sata. Zulaikha tana fassarawa, ke kina kuka, Rifkatu ta riƙe hannunki.

Ya Kura, mun haura shekara talatin tare. Kin zo garin nan kina yarinya da mahaifinki ya kawo kasuwancin shanunsa, a nan na gan ki, a nan kika haifi 'ya'yanmu duka. Ban taɓa jin wannan kurna a bakinki ba. Fannari ma suna ne kawai da nake ji idan ƙaninki Sheriff ya zo daga Maiduguri kun juya harshe zuwa Barbarci kun bar ni ina kallon bango. Hawayenki kuwa tsada gare su. Ranar da muka kai mahaifinki makwancinsa, bayan ɗaki kika zagaya kika yi abinki, kika fito da ido a bushe. Amma yau ga baƙuwa, wadda ko jin maganar juna ba kwa yi sai da tafinta, ta ajiye miki ɓaure a faranti kin zazzage mata cikinki.

Ni kuma fa? Mangwaron bayan ɗakinki wa ya dasa? Gwaibar da kike tsinka wa jikoki, da lemun tsamin da kika ce kina so saboda kunu, wa ya ɗebo musu ruwan rijiya da rani har suka kama? Ko ɗaya ba ta zo bakinki ba.

Bari in gaya miki abin da na yi, ki yi dariya in kina so. Bayan sallar La'asar na tare Malam Muhammad Sani liman, na tambaye shi hukuncin Musulmar da ta ci abincin bikin Yahudawa. A raina ina so ya ce haramun ne, in samu abin da zan riƙe. Ya tambaya ko an sha giya, na ce kin ce ruwan inabi na kwali ta sayo domin ku. Ya tambaya ko kin shiga ibadarsu, na ce a'a, kuka kawai kika yi. Sai ya ce maƙwabci yana da haƙƙi ko ba Musulmi ba ne, dabino kuma dabino ne. Na yi masa godiya na taho ina jin haushinsa.

Ki gaida Auta da maigidanta, ki shafa mini kan yaron. Ki riƙa sa safa.

Naki,
Ukasha.


Babura,
Tsakiyar Fabrairu.

Ya Kura,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gidan. Na ga hoton yaron, ya yi ƙiba, hancin kuwa namu ne, ki faɗa wa ubansa ya yi haƙuri.

Na ji amsarki. Kin ce ba ɓoye mini kika yi ba, abin ne bai taɓa tasowa ba sai ranar. Na karɓa da baki, amma zuciyata ba ta sa hannu ba. Me ya sa bai taso a ɗakina ba sai a teburin Rifkatu?

Kullum yanzu Rifkatu. Na kira da hantsi, Zulaikha ta ce kin shiga wajen Rifkatu. Na kira da yamma, kika ɗauka kika ce, "Malam, bari in kira ka, muna shan shayi." Ba ki kira ba sai washegari. Kin koya mata dama kunun gyaɗa, ta saƙa miki mayafin ulu, har kin fara ce mata 'yar'uwa. Da na tuna miki abin da muke ji a rediyo game da yaƙin ƙasar kakannin nasu, kika ce tsohuwa ce mai sandar dogarawa, ba soja ba, kuma ita ta tsaya a kan Zulaikha ranar da naƙuda ta taso mijinta yana wurin aiki. Gaskiyarki. Na ji kunyar maganar, Allah Ya saka mata. Amma godiya dabam, abin da nake ji dabam.

A makon jiya na hau acaɓa zuwa tasha, na shiga motar Kazaure, na wuce Roni wajen abokina Muhammadu Lawal mai sayar da dashe. Na ce kurna nake so. Ya dube ni ya fashe da dariya, ya ce tunda ya fara sana'ar ba a taɓa tambayarsa kurna ba, abin da awaki ke shukawa kyauta a daji. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya raka ni wani ƙauye a ƙasar Gwiwa, muka tono 'yar ƙarama a gefen gona da izinin mai gonar. Ƙayarta ta yage mini hannun riga. Na kawo ta na dasa a tsakar gida, na ce in kurna kike so ga kurna, ba sai an je bakin Tafkin Chadi ba. Kwana kaɗan akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye ta har ƙasa. Ban ko yi faɗa ba. Na zauna a kan turmi ina kallon ramin, ina tambayar kaina abin da ya samu dattijo irina.

Yanzu ga babbar maganar. Kin ce kun yi waya da Sheriff, ya ce mutane sun fara komawa Fannari tun da rikici ya lafa, kuma gidan ubanku yana nan. Kin ce idan kin dawo kina so ki je da faɗuwar damina ki dasa itatuwa da sunan iyayenki, ki zauna har su kama. Har su kama, Ya Kura! Na dasa itace, na san abin da wannan ke nufi. Wata shida za ki bar ni saboda jika, ban ce komai ba. Yanzu za ki sauka a Kano ki gaishe ni a tsaye ki wuce saboda bishiya.

Kuma da Sheriff kika fara shawarar, ba da ni ba. Shi ya ji da fari, Rifkatu ta ji, Zulaikha ta ji, ni aka sanar da ni kamar yadda ake sanar da mai unguwa.

To ban yarda ba. Hanyar ba ta da tabbas, kowa ya sani, ba zan bar uwar 'ya'yana ta shiga dajin nan ba. Wannan dalili gaskiya ne kuma ya isa. Sai dai tunda na yi alkawari wa kaina ba zan yi miki ƙarya a takarda ba, ko da hanyar ta fi ta Kazaure lafiya, da bakina zai yi nauyi wajen cewa je ki. Tsoro nake ki je ki ga wurin ki gane cewa duk shekarun nan baƙunta kika yi a gidana. Iyayenki biyu suna kwance a maƙabartar Babura. Ban san me kuma ƙasa za ta yi wa mutum ta zama tasa ba.

Ina jiran amsarki. Ki gaida kowa.

Mijinki,
Ukasha.


Babura,
Farkon Maris.

Zuwa ga Ya Kura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kina lafiya, da fatan kuma fushin ya sauka. Tun takardata ta baya ba ki turo komai ba sai "Na ji, Malam." Na san wannan "na ji" taki. Na fi son ki yi faɗa.

Zulaikha ta kira ni a ɓoye ta ce kin daina zancen tafiyar, kin kuma rage cin abinci. Ta ce, "Baba, ka ci nasara, amma ban ga abin da ka samu ba." Yarinyar nan bakinki ta ɗauko.

Abin da ba ki sani ba, kuma na hana Sheriff faɗa miki, shi ne na je Maiduguri. Na tafi ne da niyyar in ja masa kunne ya daina hure miki kunne. Ya karɓe ni da girmamawa, ya yanka kaza, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaya Malam, ka taɓa ganin wurin da kake faɗa da shi?" Na ce a'a. Ya ce jibi akwai ayarin motoci da rakiyar jami'an tsaro. Girman kai ya hana ni cewa ina tsoro, sai ga ni a bayan a-kori-kura tsakanin buhunan masara.

Na ga Fannari. Ba zan yi miki ado ba: rabin garin kango ne. Masallaci an sake masa rufi, rijiya ɗaya ke aiki, yara suna karatu a inuwar bango. A hanya ina ta fata, Allah Ya yafe mini, in tarar an sare kurnar an yi makamashi da ita, in dawo in ce miki babu abin da ya saura. Tun daga bakin gari na hango ta. Ta fi kowane gini tsawo, ta baje rassa har kan katangar maƙwabta, ta yi 'ya'ya jajir. Na tsaya a gabanta kamar wanda ya je ganin abokin takararsa ya tarar ya fi shi komai. Na tsinci ɗaya na ci ina neman aibu. Ya Kura, ban taɓa cin kurna mai zaƙinta ba, kuma wannan ma ya ba ni haushi.

Bulaman garin, wato dagacinsu, tsoho ne ƙwarai, amma da Sheriff ya faɗa masa ko ni wane ne sai ya kama dariya. Ya ce ai ya san ki, yarinyar da ta fi maza hawan bishiya, wadda ta faɗo daga reshen can na gabas ta fasa haɓa, ta hana kowa faɗa wa ubanta. Tabon nan na ƙarƙashin haɓarki. Na taɓa tambayarki muna ango da amarya, kika ce faɗuwa kika yi, kika ja mayafi. Ga wani tsoho a ƙarshen duniya ya san reshen, ya san ranar. Ni matar da na sani ko kan kujera ba ta hawa ta ɗauko abu sai ta kira yaro. Ashe akwai wata Ya Kura da ban taɓa aura ba, tana nan a bakin mutanen Fannari.

Saura abin da Sheriff bai gaya miki ba. Gidan ba kango ba ne, da mutane a ciki. Wata mata ce mai suna Ummi Kulsum, daga wani ƙauye na bakin tafki da aka ƙone, mijinta ya rasu a rikicin. Ta iso da 'ya'yanta ta tarar da gida ba kowa, Bulama ya ce ta zauna. Ita ta ɗaga katangar da ta faɗi, ita ta hana masu neman itace taɓa kurnar a lokacin da aka sare duk wata bishiya a unguwar. Tana jin Hausa, mun yi magana. Ta ce jikarta ta fari a gidan aka haife ta, cibiyarta tana gindin bishiyar. Da ta gane Sheriff ɗan masu gida ne, sai tsoro ya kama ta.

Sheriff so yake ta tashi. Ya ce gado gado ne, kuma ke ce babba, in kika zo kika ce ta fita ba mai musawa. Wannan ne ya sa yake ta zuga ki. Na so in ji daɗi da na kama shi, sai na ga shi ma idonsa ya ciko da ya shafa ƙofar ɗakin mahaifiyarku. 

Na yi ta juya maganar a mota har Kano. Da na so, da na yi shiru, tafiyar ta mutu a kan hanina. Amma matar nan tana kwana da fargaba, Sheriff ba zai bari ba, kuma ba ni da hurumi a gidan ubanki. Ke ce mai shi.

Don haka na janye. Ki je. Sharaɗina guda: tare za mu. Ba don tsaro ba, me tsoho mai ciwon baya zai tare? Ba zan iya zama a Babura ina tunanin Sheriff ne ke riƙe miki dashe, Bulama ne ke ba ki dariya, ni kuma sai dai a ba ni labari ba. Wannan karon duk abin da za ki yi, kuka ko dariya, a gabana za ki yi shi.

Azumi ya ƙarato, Allah Ya kai mu da rai da lafiya. Ki ci abinci, don Allah. Ki gaida Auta. Rifkatu ma, to, ki gaishe ta.

Naki har kullum,
Ukasha.


Babura,
Farkon Yuli.

Zuwa ga 'yata Zulaikha,

Assalamu alaikum, Auta. Ina fata kuna lafiya ke da maigidanki da angon kakarsa. An ce ya fara rarrafe, Allah Ya raya. Mu nan damina ta sauka da kyau, gero ya kai gwiwa a hanyar Kazaure.

Kin yi ta tambayar yadda tafiyar Fannari ta kasance, mahaifiyarki kuma ta ce miki "lafiya lau" ta rufe zancen. To ga yadda aka yi, amma ki bar shi tsakaninmu.

Mun tafi bayan Babbar Sallah da dashen da Muhammadu Lawal ya zaɓa mana, mangwaro da darbejiya da dabino, kawunki Sheriff ya tarbe mu a Maiduguri.  Da muka shiga Fannari mahaifiyarki ta sauka ta nufi gidan ba tare da an nuna mata hanya ba, ni ina binta a baya da ledar magungunanta. Na shirya ganin kuka. Na ma shirya jin haushin kukan.

Ba ta yi ba. Ummi Kulsum, matar da ke zaune a gidan, ta fito da sauri ta durƙusa ta gaishe ta, ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma a gindin kurnar, ta kawo ruwa, ta kawo busasshiyar kurna a kwano. Duk abin da ake yi wa babban baƙo ta yi. Tana ta bayani, wannan reshen ne ya fi zaƙi, wancan iska ta karya bara, a nan yara ke wasa. Ina kallon fuskar mahaifiyarki tana ɗaurewa. Wata 'yar yarinya ta fito daga ɗakin da aka haifi mahaifiyarki, ta haye bishiyar kamar biri, ta zauna a reshe tana leƙen mu.

Da muka fito za mu gidan Bulama, ta ja ni gefe. Ta ce, "Malam, ka ga? A gidan ubana aka ba ni tabarmar baƙi. Ni za ta nuna wa reshe mai zaƙi? Wa ya tambaye ta?" Ta ce matar ta cika iyayi, ta ce ta canja wa murhu wuri, ta ce ko sharar tsakar gidan ba a yi daidai ba. Auta, gidan nan tas yake.

Nan take na gane ciwon, don ni na yi jinyarsa tun Janairu. Ban yi mata wa'azi ba. Na ce mata na sani, yana cin mutum a nan ƙasan haƙarƙari, yana sa ka ga laifin wanda bai yi maka komai ba sai alheri. Ta dube ni da jan ido ta ce, "Haka ka ji?" Na ce haka, har da ƙari. Ta ce, "To ka sha wuya."

Sheriff ya ga dama ta samu. Da yamma a gaban Bulama ya kawo maganar tashin matar, ya juya ga yayarsa. Na ji tsoro, don na san abin da ke cinta, kuma kalma ɗaya ta isa.  Sannan ta yi magana da Barbarci, gajeriya, Sheriff ya sunkuyar da kai. Daga baya Bulama ya fassara mini. Cewa ta yi, wadda ta tsare bishiyar a lokacin da gatari ke yawo ta fi su haƙƙin inuwarta, gidan yana nan da sunan ubansu, amma ba mai tayar da kowa muddin tana raye. Ta faɗa ne kamar ana cire mata haƙori, kuma har muka bar garin ba ta sake shiga gidan ba.

Washegari aka yi ruwa, muka dasa itatuwan a filin masallaci da bakin rijiya. Ni na haƙa ramukan da Sheriff, ita ta sa dashen tana kiran sunan iyayenta da kakarta tana yi musu addu'a. Na ƙarshen ta miƙa wa yarinyar nan mai hawan bishiya, ba tare da ta kalle ta ba, ta ce ta kula da shi. Zancen zama har su kama bai sake tasowa ba. Da ayarin motoci ya tashi, ita ta riga kowa shiga.

A motar Kano ne abin ya faru. Mun bar Maiduguri kaɗan sai na ji ta kama bakin hannun rigata, a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta fara magana da Hausa, a hankali. Ta faɗa mini sunan ƙawarta ta farko da yadda ta rasu da ƙyanda. Ta faɗa mini ranar da suka bar Fannari a kan motar shanu, ta ɓoye kurna a bakin zane, ta ƙi ci har ta ruɓe. Ta ce da suka iso Babura yara suna dariyar Hausarta, sai ta rantse ba za ta ƙara ba kowa labarin garinsu ba, rantsuwar yarinta, ta kuma bi ta har tsufa. Muka wuce Damaturu tana magana, muka wuce Potiskum tana magana. A Azare na saya mata ruwa don muryarta ta dushe, ta sha ta ci gaba. Wajen Wudil ta yi kukan, a kafaɗata, wani ɗan kasuwa da ke gefenmu ya juya yana kallon taga.

Yanzu tana nan tsakar gida tana faɗa da ni a kan na bar gwaiba ba a yi mata sassabe ba. Takan tambayi Sheriff labarin dashen, amma ba ta tambayar Ummi Kulsum, sai dai jiya na ga ta ƙulla atamfa da sabulu ta ce a kai Fannari, ba ta faɗi na wa ba.

Ki gaida maigidanki. Ki shiga ki gaida Rifkatu da kyau, ki ce mata an dasa itatuwan kuma sun fara toho, mun gode da dabino. Sannan ki faɗa mata, da irin lafazin da ya dace, cewa abin da ta ji a teburinta somin-taɓi ne. Sauran labarin, daga Maiduguri har Wudil, ni kaɗai aka ba.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Ukasha.